Jagorar Hawan Keke a Hanyoyin Burji na Duwatsun Adar

Duk wanda ya taɓa barin garin Tawa ya nufi gabas, ta wajen Tamaske da Keita, ya san yadda ƙasar ke sauya kama tun kafin hantsi ya dubi ludayi. Rairayi yana ƙarewa sai a hau fako mai baƙar tsakuwa, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ana cikin tafiya kuma sai fakon ya yanke, hanya ta gangara cikin kwari inda garaken albasa suka yi kore shar a tsakiyar rani. Wannan ita ce Adar, kuma ga mai son hawan keke nesa da hayaniyar motoci, da wuya ya samu ƙasar da ta fi ta a Nijar.

Turawa sun daɗe da mayar da irin wannan tafiya abin marmari. A yankin Toskana na ƙasar Italiya akwai fararen hanyoyin tsakuwa da ke ratsa tuddai tsakanin gonakin inabi, inda tun 1997 ake taron masu tsofaffin kekuna mai suna Eroica a garin Gaiole, daga 2007 kuma aka fara tseren ƙwararru da ake kira Strade Bianche, wanda ke ƙarewa a birnin Siena. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta kekunan hanyar tsakuwa, ita ma a Italiya. Tamu hanyar ja ce, amfanin gonar da ke gefenta albasa ce da tumatir, kuma abin da zai hana mai keke isa inda ya nufa a nan daban yake da na can. Ƙaya ce, da rana, da ƙishirwa. Saboda haka wannan jagorar ta fi ba da ƙarfi ga lokaci da taya da ruwa, tsadar keke kuwa ta zo daga baya.

Mataki na farko: zaɓen wata da sa'a

Lokacin da ya dace shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka zuwa wajen digiri 15, da rana kuma zafin bai cika wuce digiri 30 da ƴan kai ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma ba na ba kowa shawarar doguwar tafiya a lokacin, komai ƙarfinsa. Damina tana da nata haɗari: ƙoramun Adar suna cika farat ɗaya da ruwan da aka zuba a kan duwatsu can nesa, ko da inda mutum yake babu ɗigo ko ɗaya, kuma ƙoramar da ke kai ruwa gwiwa tana iya fizge keke da mai shi. Mai azumi kuma ya jinkirta tafiyar har bayan salla.

A cikin yinin ma akwai zaɓi. A tsakiyar hunturu rana tana fitowa a Tawa wajen ƙarfe 7, gari kuma yana wayewa kamar minti 20 kafin nan, don haka wanda ya yi sallar asuba ya ɗaura kayansa zai iya kama hanya da wayewar gari. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da sassafe takan yi laushi, sai hantsi ya ɗaga ta taso da ƙarfi. Dabara a nan ita ce a fara da fuskantar gabas ko arewa tun iskar ba ta farka ba, a juyo tana bayan mutum tana tura shi gida. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin tafiyar zuwa, ya sha wuyar dawowa a daidai lokacin da ƙarfinsa da ruwansa suka ja baya.

Mataki na biyu: shata hanya daga ruwa zuwa ruwa

Kafin a dubi taswira sai a fara da batun tsaro. A 2017 aka sa yankunan Tiliya da Tasara, a arewacin jihar Tawa, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren ƴan bindiga, kuma wasu wuraren da ke daf da iyaka su ma halinsu yakan canza daga wata zuwa wata. Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya a tambayi jandarmomi da direbobin tasha da ƴan kabu-kabu, domin su ne ke bin hanyoyin kullum. A riƙe katin ɗan ƙasa, a tafi aƙalla mutum biyu, a kuma bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za a ratsa da sa'ar da ake sa ran dawowa.

Bayan haka sai shata hanyar kanta. Ƙa'idata ita ce kada tsakanin wurin samun ruwa da na gaba ya wuce kilomita 15. A kan burji mai hawa da gangara, mai keke matsakaici yakan ci kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya, wato da ƙyar ya wuce rabin abin da zai yi a kwalta. Tafiyar farko ta tsaya a kilomita 25 ko 30 zuwa da dawowa; idan jiki ya saba sai a kai 50. Daga Tawa zuwa Keita kusan kilomita 70 ne, tafiyar da ta fi dacewa a yi ta da niyyar kwana a can. Wanda ke son ganin ƙasar albasa ta ainihi zai iya ɗora kekensa a mota zuwa Galmi ko Madawa, a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Birnin Ƙonni, daga nan ya shiga hanyoyin karkara na kwarin Magiya. A wajen Buza kuma akwai dogayen layukan dogon yaro da aka fara dasawa tun 1975 don kare gonaki daga iska, kuma tafiya a gefensu ranar da hunturu ya matsa hutu ce babba.

Manhajojin taswira irin su OsmAnd da Organic Maps suna aiki ba tare da intanet ba idan an sauke taswirar Nijar tun daga gida, hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps kuma yana nuna inda ƙorama ta yanke hanya, domin farin yashi yana fitowa sarai a cikin jar ƙasa. Duk da haka taswira ba ta san hanyar da ruwan bara ya cinye ba. A kuma kauce wa ranar kasuwar garin da za a bi, saboda a ranar ce hanyar da kullum take shiru ke cika da motoci da amalanke da ƙura. Babbar kasuwar Tawa ranar Lahadi take ci, don haka hanyoyin shiga gari sukan cunkushe da safiyar ranar.

Mataki na uku: keke, musamman ƙafafunsa

Kekunan da aka ƙera musamman don hanyar tsakuwa suna da lanƙwasasshen abin riƙo da taya mai faɗin milimita 40 zuwa 45. Suna da kyau, amma a ganina tsohon keken hawan dutse na hannu mai taya inci 26 ya fi su amfani a Adar, don dalili guda: tayarsa da tiyub ɗinsa suna nan a rumfar kowane mai gyaran keke a kasuwannin ƙauye, nasu kuwa sai an aika Yamai ko ƙasar waje. Abin dubawa wajen saye shi ne kada jikin keken ya kasance da tsaga ko tsohuwar walda a gaɓoɓinsa, ƙafafun su juya ba tare da karkata ba, birki kuma ya kama gaba da baya.

Hawan Adar ba su da tsawo, amma a tsaye suke, ga duwatsu suna zamewa a ƙarƙashin taya. Ana buƙatar giya mai laushi ƙwarai, wadda haƙoran babban faifan baya za su kai yawan na faifan gaba ko su fi, misali 32 a gaba da 34 a baya. Sirdi kuma a ɗaga shi yadda idan aka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafa za ta miƙe sosai. Yawancinmu mun saba da sirdi ƙasa-ƙasa irin na zuwa kasuwa, wanda bayan awa biyu yake kashe gwiwa.

Yanzu sai batun ƙaya, wanda shi ne ya fi komai lalata tafiya. Tsidau yana kwance a gefen hanya da bakin gonaki, ƙayarsa gajera ce amma takan shige roba ta yi ta ci a hankali har ta kai tiyub. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya dogaye ne, sau ɗaya suke huda taya, kuma sun fi yawa daidai inda mutum zai so ya huta, wato ƙarƙashin inuwa, da kuma kusa da garake inda ake shinge da rassansu. Na taɓa yin faci sau huɗu a safiya ɗaya, kuma duka huɗun ƙaya guda ce ta jawo su, wadda ta karye a cikin tayar ban cire ta ba. Tun daga ranar nake bin cikin taya da yatsa a hankali, zagaye cikakke, kafin in mayar da tiyub.

Hanyoyin kariya iri biyu ne. Mai hali ya sa taya marar tiyub, wadda ake zuba wa ruwan danƙo a ciki. Idan ƙaya ta huda, danƙon yana toshe ramin da kansa ana cikin tafiya. Aibinta shi ne zafinmu yana busar da danƙon da wuri, sai an riƙa ƙarawa duk bayan wata biyu ko uku, kuma ko da ita dole a riƙe tiyub na ko-ta-kwana. Hanya ta biyu ita ce ta masu gyara na gargajiya: a samu tsohon tiyub a tsaga shi a tsaye, a shimfiɗa shi a cikin tayar tsakanin roba da sabon tiyub, ya zama kamar rufi na biyu. Keke yana ƙara nauyi kaɗan, amma tsidau ba ya kaiwa ciki da sauƙi.

Iskar taya ma tana da ma'auninta. Mai faci yakan cika taya har ta yi tauri kamar dutse, domin haka masu dakon kaya suke so, alhali a kan burji taya mai tauri tsalle take yi, ba ta kama ƙasa, ga gajiyar da hannu da baya. Ga mutum mai nauyin kilo 70, taya mai milimita 40 tana son bar (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 2.5 zuwa 3, mai inci 2 kuma wajen bar 2 zuwa 2.5. Idan babu ma'auni, a danna da babban yatsa da ƙarfi: ta ɗan lotsa kaɗan. Idan kuma ta yi laushi har ƙarfen ƙafar yana bugun dutse, tiyub zai tsage wuri biyu a jere, sai a ƙara mata iska. Sarƙa kuwa kada a shafa mata baƙin man inji, domin yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa yana cinye haƙora. Mai kaɗan marar kauri ya isa, a goge ragowar da tsumma.

Mataki na huɗu: guzuri

A riƙe tiyub biyu, kayan faci, famfo, abin ɓanɓare taya, ƴan sifanu daidai da kusoshin keken, ɗan guntun waya, da tocila. Hular kwano wajibi ce, da tabarau saboda ƙura, da ƙyallen rufe hanci, da riga mai dogon hannu marar nauyi. Man kaɗanya a leɓe da hanci yana hana tsagewar hunturu.

Ruwa shi ne babban kaya. A lissafa aƙalla kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, a ƙara lita ɗaya a kai don abin da ba a zata ba. Tafiyar kilomita 40 ke nan tana son lita 3 zuwa 3 da rabi. Iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye gumi tun bai bayyana a jiki ba, shi ya sa mutum ke zaton bai yi asarar ruwa ba alhali ya yi. A riƙa kurɓa duk minti 15 ko 20 ba tare da jiran ƙishirwa ba. Gora ɗaya a yi mata haɗin gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda. Gorar da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu tana riƙe sanyi kamar salka. Ruwan leda yana samuwa a manyan garuruwa, na rijiya kuma a jefa masa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Abinci ba ya buƙatar dogon bayani: dabino, gujiya, ƙuli-ƙuli da cuku sun isa, fura da nono kuma ana samu a hanya.

Mataki na biyar: tuƙi a kan burji

Abin da za a fara cin karo da shi shi ne gargada, wato ƴan kunyoyin nan da tayoyin motoci ke jerawa a kan hanya. Wanda ya ƙanƙame abin riƙo zai ji girgizar har cikin haƙoransa. A sassauta riƙo, a ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, a ɗaga mazaunai kaɗan daga sirdi, a sa giya mai ɗan nauyi, sannan a nemi siririn layin da babura suka daddale, wanda yawanci yake can gefe. Sai dai kada a fita daga hanyar gaba ɗaya, domin nan tsidau yake.

A bakin ƙorama yashi ne zai tarbi mutum. Tun kafin a shiga a sauya zuwa giya mai laushi, a mayar da nauyin jiki baya, a ci gaba da taka feda ba tsayawa, ido yana kallon mafita can gaba. Idan aka murɗa kan keken da ƙarfi ko aka taɓa birkin gaba, tayar za ta nutse. In yashin ya yi zurfi, sauka a tura ya fi sauƙi da sauri, babu kuma abin kunya a ciki.

Wajen hawan dutse a zauna a kan sirdi. Miƙewa tsaye kan feda, kamar yadda ake yi a kwalta, yana ɗauke nauyi daga tayar baya sai ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana watsa tsakuwa. A sunkuyo da ƙirji gaba don kada tayar gaba ta ɗaga, a sauya giya tun kafin hawan ya yi tsanani, domin sauyawa ana tsakiyar dannawa da ƙarfi ita ke tsinka sarƙa. Gangara ta fi hawa haɗari. A ja da mazaunai bayan sirdi, fedoji su daidaita a kwance, a kama birki biyun tare a hankali, a rage gudu tun hanya tana miƙe kafin a shiga kwana, a cikin kwanar kuwa a saki birkin gaba. Gangaren Adar da yawa suna ƙarewa ne a zaizayar ruwa ko yashin ƙorama wanda ba a hangowa daga sama, saboda haka gangaren da mutum bai sani ba ya sauke shi da gudun da zai iya tsayawa cak a cikin taku goma.

Idan babbar motar albasa ta taso, a tsaya a ɓangaren da iska ke fitowa don ƙurar ta wuce ta ɗaya gefen, kuma kada a koma hanya sai ta lafa, domin sau da yawa wata motar tana biye a cikin ƙurar. Raƙumi da jaki suna firgita da keke saboda ba ya ƙara; a rage gudu a yi sallama daga nesa, dabbar ta ji muryar mutum.

Mataki na shida: shiga gari da garake

Idan aka iso ƙauye a sauka daga keke a yi sallama ga dattawan da ke zaune. “Salamu alaikum, Baba, ina kwana? Baƙi ne mu daga Tawa, muna neman hanyar gari kaza da wurin shan ruwa.” Wannan kaɗai yana buɗe ƙofa, kuma wanda zai kwana ya fara gabatar da kansa ga mai gari. Wajen tambayar nisa kada a dogara da “nan kusa ne”. A tambayi ƙorama nawa za a ƙetare da garuruwan da za a wuce, kuma idan da hali a tambayi mai babur da mai amalanke, domin mai amalanke ne ya san inda yashi yake.

Garake dukiyar mutane ce, albasar Galmi mai ruwan hoda kuwa ita ake lodawa har Gana da Kodebuwa, don haka ba a ratsa fangali da keke, ba a taka hanyar ruwa, ba a ɗaukar hoton kowa sai da izini. Haka ma jerin duwatsu da ramukan rabin wata da ake gani a kan fako da gindin duwatsu a yankin Keita. Da yawansu aikin farfaɗo da ƙasa ne da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, bayan fari ya ci yankin, kuma mata ne suka ɗauki kaso mafi girma na dakon duwatsun a ka. Tayar keke tana iya rushe jeri, ruwan damina kuma ta wannan ɓarakar zai bi ya yi zaizaya. A zagaye su.

Mataki na bakwai: sanin lokacin dakatawa, da komawa gida

Daga ƙarfe 12 zuwa la'asar a nemi inuwa a zauna, a duba ƙasa saboda ƙaya kafin a jingine keke. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗewar tsoka da fitsari mai duhu alamu ne na cewa ruwan jiki ya yi ƙasa: a tsaya, a jiƙa riga da kai, a sha haɗin gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan abokin tafiya ya fara sambatu ko tangaɗi jikinsa kuma ya yi zafi rau, a kwantar da shi a inuwa, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita, a nemi mota zuwa likita mafi kusa nan take. A kuma yanke tun daga gida sa'ar da za a juyo ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba, yadda za a shigo gari kafin magariba, wadda a hunturu take yi jim kaɗan bayan ƙarfe 6.

Bayan an dawo, kafin a ajiye keken, a juya shi a bi tayoyin biyu da ido da yatsa, a ciro duk ƙayar da ta maƙale da allura ko tsinke tun ba ta kai ciki ba. A goge sarƙa da busasshen tsumma a ɗiga mata mai, a taɓa kusoshin sirdi da na kariya da na abin riƙo domin gargada tana kwance su, a duba robar birki ko ta cinye. Sannan a rubuta a ɗan littafi awannin da tafiyar ta ci, yawan ruwan da aka sha, rijiyoyin da aka samu da ruwa, da wuraren da yashi ya tilasta sauka, domin da wannan rubutun za a shata tafiya ta gaba zuwa kwarin da ke bayan wanda aka gani.